Yadda Sinawa Suka Aro Ilimin Zamantakewa, da Abin da Suka Yi da Shi

A shekarar 1895 Japan ta yi wa ƙasar Sin mummunan kaye a fagen yaƙi. Kafin nan Ingila da Faransa sun riga sun ci ta da yaƙi, sun buɗe tashoshin jiragen ruwanta da ƙarfin tsiya, amma wannan karon abin ya fi ciwo, domin wadda ta yi dukan ƙaramar maƙwabciya ce da ta koyi rubutu a hannun Sinawa. Masu ilimin ƙasar suka shiga tambayar kansu: mun sayi bindigogin Turawa, mun sayi jiragensu na yaƙi, me ya sa har yanzu ake kayar da mu? Wasu suka ce a bar duban makami, a dubi yadda jama'a take zaune, da yadda take haɗa kai ko take kasa haɗawa. Ta wannan ƙofa ce ilimin nazarin zamantakewa, wanda ƴan makaranta ke kira sosiyoloji, ya shiga ƙasar Sin.

Aikina ne ya ja ni ga wannan tarihi. Ina gabatar da shirye-shirye a wani gidan rediyo a Damagaram, kuma rabin aikin fassara ce. Sanarwa takan zo da Faransanci, in juya ta zuwa Hausa kafin lokacin labarai ya yi. Sunan magani ko na inji ba ya tsayar da ni, yadda yake nake faɗarsa. Kalmomin da ke sa in ajiye alƙalami su ne masu bayanin mutane, irin abin da Bafaranshe ke nufi da iyali, ko talauci, ko ƙungiyoyin nan da muka laƙaba wa sunan farar hula don kawai ba na soja ba ne. Kowace kalma tana zuwa da ƙirar ƙasar da aka haife ta. Da na gano cewa Sinawa sun shafe sama da shekara ɗari suna fama da irin waɗannan kalmomi, sai na karanta tarihinsu kamar labarin abokan sana'a.

Mutum na farko a labarin tafinta ne, sunansa Yan Fu. An tura shi Ingila a 1877 ya koyi aikin sojan ruwa, amma hankalinsa ya fi karkata ga yadda Ingilishi ke tafiyar da kotunansu da majalisarsu. Bayan kayen 1895 ya duƙufa ga fassara. A 1898 ya fitar da fassarar wani littafin Thomas Huxley, a 1903 kuma ta littafin Herbert Spencer kan nazarin zamantakewa. Ya ba da labarin cewa kalma guda takan hana shi sakat kwana goma, wani lokaci har wata guda, kafin ya yanke yadda zai faɗe ta. Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfo da takarda a hannu, agogo na tafiya, zai ji tausayinsa.

Babbar matsalarsa ita ce sunan fannin kansa. Sai ya koma baya fiye da shekara dubu biyu, ya ɗauko wata kalma daga malamin nan Xunzi, wato qun, mai nufin taro ko haɗuwa. Xunzi ya lura cewa sa ya fi mutum ƙarfi, doki ya fi shi gudu, amma su ke yi masa aiki, saboda mutum ya iya haɗa kai. Yan Fu ya raɗa wa sabon ilimin suna qunxue, ilimin haɗuwa. Sunan bai yi tsawon rai ba. Dubban ɗalibai Sinawa da suka je karatu Japan sun dawo da wata kalma da Japanawa suka ɗora wa wannan ma'ana, shehui, wadda a tsohon Sinanci take nufin taron mutanen ƙauye a wurin bikin abin bautarsu na ƙasa. Ita ta ci kasuwa, kuma har yau shehuixue ake kiran fannin. Ke nan ilimin daga Turai ya taso, sunansa kuwa sai da ya bi ta Japan kafin ya dawo gida.

Abin da ya fi burge ni game da Yan Fu shi ne yadda ya lanƙwasa Spencer. Shi Spencer mutum ne da ba ya son gwamnati ta sa hannu cikin harkokin mutane, a bar kowa ya yi ta kansa, mai ƙarfi ya tsira. Yan Fu ya karanta wannan da idon mutumin da ƙasarsa ke gab da wargajewa. A wurinsa masu kokawar tsira ƙasashe ne, kuma ƴancin mutum ɗaya amfaninsa shi ne ya ƙara wa ƙasa ƙarfi. Littafin na Bature ne, damuwar da aka karanta shi da ita ta Basine ce, kuma damuwar ce ta yanke abin da aka ɗauka da abin da aka bari.

Zango na biyu ya zo ta hannun ƴan mishan na Amurka. Jami'o'in da suka kafa a Shanghai da Beijing su ne suka fara koyar da fannin a aji, kuma Jami'ar Yenching ta buɗe sashensa a 1922. Su abin da suka kawo ƙidaya ce. Sidney Gamble, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Procter & Gamble, tare da John Burgess, sun bi birnin Beijing suna lissafa gidaje, da sana'o'i, da gidajen yari, da mabarata, aka buga sakamakon a 1921. Ɗalibai Sinawa suka koyi dabarar suka zarce da ita. Li Jinghan ya kwashe shekaru yana binciken gundumar Ding a lardin Hebei, ya fitar da ƙaton littafi a 1933. A cikinsa aka samu rubutaccen bayani kan abin da manomi ke ci da bashin da ke kansa.

Amma ƙidaya tana da iyaka, kuma wanda ya fi kowa nuna haka shi ne Wu Wenzao, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Columbia ya dawo a 1929. Ya tarar ana koyar da yaran Sin halin zaman jama'a da Ingilishi, da littattafan Amurka, da misalan birnin Chicago. Ya fara koyarwa da Sinanci, ya kuma yi kira da a mayar da fannin ɗan gida. Hanyar da ya bi ita ce ta ba ni mamaki, don bai rufe ƙofa ba, ƙara buɗe ta ya yi. A 1932 Robert Park na Chicago ya zo Yenching, ya fitar da ɗalibai daga aji ya kai su unguwannin talakawa su gani da idonsu. A 1935 Radcliffe-Brown, Baturen Ingila, ya zo ya ba da shawarar a ɗauki ƙauye guda a zauna cikinsa, a ga yadda noma da aure da gado da bashi suke riƙe da juna. Wu ya zaɓi wannan hanya, ya tura zaƙaƙuran ɗalibansa waje su ƙware a kanta.

A gefe guda akwai wani kogin da shi ma daga Turai ya gangaro. Karl Marx Bajamushe ne, kuma tunaninsa ya shiga Sin a daidai wannan zamani ta hannun mutane irin su Li Dazhao da Qu Qiubai, wanda ya shugabanci sashen nazarin zamantakewa a Jami'ar Shanghai a 1923. Masu wannan ra'ayi tambayarsu ita ce wa ke da gona, wa ke noma ta, wa ke kwashe amfanin. Mao Zedong da kansa ya yi binciken ƙauyuka a Hunan a 1927 da Xunwu a 1930. Saboda haka gardamar da aka yi daga baya, tsakanin ra'ayin Turawa guda ne da wani ra'ayin Turawa, kowanne da Sinawan da suka rungume shi.

Cikin ɗaliban Wu akwai Fei Xiaotong, wanda aka haifa a 1910. A 1935 ya tafi bincike duwatsun lardin Guangxi tare da amaryarsa Wang Tonghui. Ya faɗa tarkon da aka ɗana wa damisa, ya ji mummunan rauni, ita kuwa ta tafi neman taimako ta rasu a hanya. Yana jinya ne yayarsa, Fei Dasheng, ta gayyace shi ƙauyen Kaixiangong kusa da tafkin Tai, inda take taimaka wa mata da ƙaramar masana'antar siliki ta haɗin gwiwa. Ya yi kimanin wata biyu a can a 1936, cikin gidaje kusan 360, yana kallo yana rubutawa. Da waɗannan takardu ya hau jirgin ruwa zuwa Landan, wurin Bronislaw Malinowski.

Malinowski ya yi suna ne da zama cikin mutanen tsibiran Trobriand, kuma fanninsa a lokacin na Bature ne da ke zuwa nazarin waɗanda ƙasarsa ke mulka. Sai ga shi a cikin shekaru biyu ya rubuta gabatarwa ga littattafai biyu na ƴan ƙasa da suka yi nazarin mutanensu. Na farko, a 1938, na Jomo Kenyatta ne kan Kikuyu, mutumin da daga baya ya zama shugaban Kenya na farko. Na biyu, a 1939, na Fei ne kan rayuwar manoman Sin. Abin da Fei ya gano ba shi da ado. Gonar da kowane gida ke da ita ba ta isa ta ciyar da shi shekara, silikin da mata ke yi shi ke cike giɓin. Da injinan waje suka karya farashin silikin hannu, sai bashi ya shigo, gona ta fara suɓucewa zuwa hannun masu kuɗin birni. A ganinsa tushen matsalar ƙauyen Sin yunwa ce, maganinta kuma a kawo ƙananan masana'antu cikin ƙauye. Da Ingilishi ya rubuta littafin. Sai a 1986 aka buga shi da Sinanci, shekara 47 bayan Turawa sun karanta.

Sai da ya ƙara shekaru yana bincike a ƙauyukan Yunnan lokacin yaƙi, ya kuma zauna Amurka na ɗan lokaci, sannan ya fito da tunanin da ake tunawa da shi. A wani ɗan ƙaramin littafi na 1948, Xiangtu Zhongguo, ya kwatanta zaman Turawa da dammunan kara: kowane kara yana cikin dami sananne, kowane dami da igiyarsa, an san wanda ke ciki da wanda ke waje. Zaman Sinawa kuwa ya kamanta shi da abin da ke faruwa in an jefa dutse a ruwa. Kowane mutum shi ne tsakiyar nasa zoben, zobba suna ta faɗaɗa, na kusa da ƙarfi, na nesa suna raunana. Abin da ake binka ya dogara ga zoben da mutum yake. Hatta kalmar iyali tana miƙewa tana tsukewa: gidan mai arziki danginsa ba sa ƙarewa, ranar da ya karye kuwa sai su koma mutum uku.

Ranar da na fara karanta wannan, wani tsoho ne ya faɗo mini a rai. Na taɓa raka wasu masu bincike ƙauye a matsayin tafinta. Takardarsu tana da gurbi guda na yawan mutanen gida. Na ce, «Baba, mutum nawa ne a gidanku?» Ya dube ni ya ce, «Ɗana, waɗanda ke kwana, ko waɗanda nake ciyarwa, ko waɗanda ke ciyar da ni?» Yana da ƴaƴa biyu a cirani, su ke aiko da kuɗin hatsi. Akwai matar ƙanensa marigayi da ke zaune a wani gida amma daga rumbunsa take ci. Akwai almajirai da ke kwana a zaurensa. Tambayar tsohon ta fi ta takardar kaifi, amma gurbin lamba ɗaya yake karɓa, aka rubuta lamba ɗaya muka wuce. Takardar dami take nema, shi kuwa zobba yake lissafawa. Ba na cewa zamanmu irin na Sinawa ne, don bikin da mata ke ramawa, da gandu, da zaman ubangida da baransa suna da nasu tsarin. Abin da Fei ya nuna mini shi ne mutum na iya ƙware a awon wasu, har ya gane inda mudunsu ba ya auna hatsinsa.

Daga nan labarin ya yi duhu. Bayan ƴan gurguzu sun karɓi mulki a 1949, aka sake fasalin jami'o'i a 1952 bisa tsarin Tarayyar Sobiyet, aka rufe sassan nazarin zamantakewa. Hujjar ita ce ilimin ƴan jari-hujja ne, kuma aƙidar Marx ta riga ta amsa duk tambayoyinsa. A 1957, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, Fei ya koma Kaixiangong. Ya tarar amfanin gona ya ƙaru, amma aljihun manomi bai gyaru ba, domin sana'o'in gefe irin su siliki da fatauci da kwale-kwale sun durƙushe. Ya rubuta haka a mujalla. Ba a gama buga rahoton ba iska ta juya, aka sa shi cikin jerin masu ra'ayin riƙau, aka rufe masa baki na kusan shekara ashirin. Shekara biyu bayan rahoton, yunwar 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyin mutane a ƙauyuka, a ƙasar da ta sallami waɗanda sana'arsu ita ce su shiga gida su tambayi abin da ke cikin tukunya.

Wannan sashe shi ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan jarida. An kashe fannin da sunan korar baƙon tunani, alhali umarnin kashewar ma daga Mosko aka kwafo shi. Duk lokacin da na ji mai mulki, a kowace ƙasa, yana cewa tambaya kaza ta baƙi ce, nakan so in san ko amsar ce ba ya son a ji.

Shekara 27 aka yi a haka. A watan Maris na 1979 Deng Xiaoping ya ce akwai fannonin da aka yi sakaci da su, har da wannan, kuma dole a rama karatun da aka rasa. Aka ɗora wa Fei, yana dab da shekara 70, aikin farfaɗowa. Malamai sun tsufa ko sun mutu, babu littattafai. Ina aka nufa? Amurka. Tsohon abokin karatunsa C. K. Yang na Jami'ar Pittsburgh ya taimaka aka kawo malamai, kuma a 1981 Jami'ar Nankai ta buɗe aji na musamman inda Peter Blau da Nan Lin suka koyar. Wannan karon lissafi da kwamfuta aka aro. Babban binciken zamantakewa na ƙasa da aka fara a 2003 ma a kan ƙirar na Amurka aka gina shi.

Ga misalin abin da aron ya haifa. A 1973 Mark Granovetter ya nuna cewa a Amurka mutane sun fi samun aiki ta hanyar wanda suka sani sama-sama, don shi ke kawo labarin da na kusa ba su da shi. Bian Yanjie ya ɗauki wannan tambaya ya kai ta birnin Tianjin, da binciken da aka yi a 1988, ya buga sakamakon a 1997. Ya tarar da akasin haka. A lokacin hukuma ke raba ayyuka, don haka labari ba ya wadatarwa, sai an sami wanda zai sa baki wurin jami'i, kuma ba mai ɗaukar wannan kasada sai don na jikinsa. Wannan ita ce guanxi, abin da mu za mu kira hanya ko sanayya. Da awon Ba'amurke aka gano inda maganar Ba'amurke ta tsaya, kuma a babbar mujallar fannin ta Amurka aka buga shi.

Ba kowa ya yarda da hanyar Fei ba. Edmund Leach, wanda shi ma ɗalibin Malinowski ne, ya yi shakka a 1982 ko mutum zai iya kallon mutanensa ba tare da son rai ba, da kuma ko ƙauye guda zai wakilci ƙasa mai girman Sin. Shakkar tana da tushe, don ɗan gida yakan wuce abin da ya saba gani bai lura ba. Fei ya amsa cewa ƙauye guda nau'i guda ne, sai a tara nau'o'i a gwama su, kuma shi tun farko ya shiga fannin ne don ya ga manomi ya ƙoshi. Ya koma Kaixiangong fiye da sau ashirin kafin rasuwarsa a 2005.

Mu ma an yi nazarinmu, kuma da kayan aikin makarantun nan guda. Mary Smith ta rubuta labarin Baba ta Karo daga bakinta da Hausa, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Polly Hill ta zauna Batagarawa kusa da Katsina, Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazarin ƙasar Maraɗi. Ayyuka ne masu daraja, kuma a yau akwai ƴan ƙasa a jami'o'in Yamai da Damagaram da Kano da Zariya da ke yin irinsu. Sai dai mafi yawan abin da aka gano yana kwance cikin Faransanci da Ingilishi, inda tsohon da ya yi mini waccan tambaya ba zai taɓa jin sa ba.

An ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ne. Amma Sinawa sun nuna cewa allura da almakashi ana aronsu, in dai awon jikinka ka ɗauka. Tsakanin fassarar Yan Fu da zobban Fei shekara 45 ce, ta karatu da zama a ƙauye da gardama, don haka ba aikin dare ɗaya ba ne. Roƙona ga ɗalibanmu da ke wannan fanni shi ne su karanta Durkheim da Weber har su ƙoshi, sannan su zauna a zaure da tsakar gida su saurara, su kuma kawo mana abin da suka gano da Hausa. Mu da ke riƙe da makirfo za mu ba su fili, masu saurare kuma su bugo waya su ce an faɗi daidai ko an kauce, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya sa mu dace.